Ƙusar asuba: yadda na yi da ciwon diddige

Ranar da abin ya fara ba ni tsoro sai da na kunna fitilar waya na duba tafin ƙafata. Ladan ya yi kiran farko, na sauko daga gado zan ɗauki buta, diddigen dama na taɓa siminti sai na ji kamar ƙusa na taka. Na koma bakin gado na zauna ina lalube, ko ƙaya ce, ko kunama, don a ƙarshen damina ba a raina kunama a Maradi. Ba jini, ba kumburi, ba ko tabo. Na dafa bango na ɗingisa har bakin rariya. Kafin in gama alwala in isa masallaci ciwon ya lafa, har na ce a raina kwanciya ce na yi ba daidai ba. Washegari ƙusar na nan tana jirana. Haka ta yi ta jirana kowace asuba har wata tara.

Ni malamin lakwal ne, aji shida nake riƙewa, shekarata 48. Tun da na daina ɗingishi mutum huɗu suka tare ni, ciki har da mai shayin bakin makarantarmu da wata yayar maiɗakina mai suyar ƙosai, dukansu da tambaya ɗaya: “Mushe, me ka sha?” Amsata ba ta yi musu daɗi, saboda ba abin sha ba ne ya warkar da ni. To ga amsar a rubuce, da tsawonta.

Yadda na jawo wa kaina shi ba ɓoyayye ba ne, yanzu da na waiwaya. Ana gab da komawa makaranta a watan Oktoba babur ɗina ya kwanta, kuɗin gyara kuwa sun tafi wajen littattafan yara. Sai na koma sayyada, daga unguwar Zariya zuwa makaranta, kusan kilomita huɗu zuwa, huɗu dawowa, mutumin da shekara goma ko kiosk ɗin kan kwana sai a kan babur yake zuwa. Takalmin da nake sawa na fata ne shafal, irin wanda ake yabo ranar sallah, ƙasansa bai fi kaurin kwali ba. In na isa kuma tsayuwa ce gaban allo a kan siminti tun ƙarfe takwas. Sikeli ya ce kilo 91 nake, alhali tsawona bai kai ya ɗauki wannan kaya ba. Tafiyar da aka ƙara farat ɗaya, doguwar tsayuwa a ƙasa mai tauri, takalmi maras katifa, ƙiba, da shekaru tsakanin 40 da 60: waɗannan su ne ƙofofin da wannan ciwo ya fi shigowa ta cikinsu, ni kuwa na buɗe masa duka biyar a wata ɗaya.

Kowa ya ba ni sunan cutar. Wasu suka ce sanyi ne ya sauka ƙafa. Gwaggona ta ja ni gefe ta ce, “Ɗan nan, ka tabbata ba sawunka aka ɗauka ba? Mutum ba ya kwana lafiya ya tashi gurgu haka kawai.” Wani abokin hira ya nuna mini wanzamin da zai yi mini tsaga ya sa ƙaho, wani ya ce sakiya ce maganinta. Ban yarda an taɓa ni da wuƙa ko wuta ba, amma na faɗa wani ramin: na sayi ƙwayoyi wajen masu yawo da magani a faranti cikin rana, ja da fari, ina sha safe da dare har sati uku. Diddige ya yi shiru na ƴan awoyi, ciki kuma ya kama da wuta. Zafin cikin ne ma ya kai ni asibiti, ba ƙafar ba.

Lokotoron da ya duba ni bai ɗauki minti biyar ba ya gane. Ya tambaye ni yaushe ciwon ya fi tsanani. Na ce takun farko da asuba, da kuma in na daɗe zaune na miƙe, misali bayan na gama gyaran kayen yara. Ya sa babban yatsansa a ƙasan diddige, ba tsakiya ba, ɗan gaba kaɗan ta ɓangaren ciki, inda diddige ke gangarawa zuwa kwarin tafi, ya danna. Na yi salati da ƙarfi. Sai ya lanƙwasa yatsun ƙafata sama, ya kama hannuna ya ɗora a tafin, ya ce, “Mushe, taɓa nan.” Na ji wata igiya ta miƙe tsam daga diddige zuwa gindin yatsu. A takarda ya rubuta fasciite plantaire, masu Ingilishi kuma plantar fasciitis suke ce masa.

Ga yadda na fahimci abin, kuma haka nake bayyana wa duk wanda ya tambaye ni. Ƙafar mutum ƙasusuwa 26 gare ta, kuma an jera su ne a lanƙwashe kamar baka. Abin da ke riƙe da wannan baka kada ya baje shi ne wata faffaɗar jijiya mai tauri da ta tashi daga ƙashin diddige ta rarrabu zuwa yatsu biyar. Ita ce tsirkiyar bakan. Duk takun da ka yi, nauyinka na danne bakan, tsirkiya na miƙewa. In aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta kwana da kwanaki, sai ta fara tsattsagewa ƙanana-ƙanana a daidai inda ta manne da ƙashin diddige, ta yi kauri, ta yi rauni. Lafiyayya kaurinta wajen milimita 3 ne, in aka duba da eko, na'urar da ke leƙa cikin jiki da sauti, aka ga ta haura 4 to ta nuna alama. Asirin ciwon asuba kuwa shi ne, in kana barci ƙafa kan saki ta duƙa ƙasa, tsirkiya ta tattare, jiki ya fara ɗinke ta a tattare. Kana tashi ka ɗora mata kilo 91 lokaci guda, ɗinkin daren ya warware. Shi ya sa bayan taku ashirin ko talatin sai ka ji sauƙi, da yamma kuma bayan wunin tsaye ya dawo da zugi.

Na roƙi a yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, don an riga an cika mini kunne cewa ƙashi ne ya tsiro. Ya ce ba dole ba ne, na nace. Hoto ya fito, ga ɗan tsinin ƙashi nan a ƙasan diddige kamar ƙaramar ƙayar aduwa. Na ce to ga ɓarawon. Ya yi dariya ya ce mutane da yawa na yawo da irin wannan tsini ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma na ɗingishi alhali hotonsu fes. Tsinin a kwance yake yana kallon yatsu, ba ƙasa yake suka ba. Yau ciwona ya tafi, tsinin kuwa na tabbata yana nan inda yake. Saboda haka in an nuna maka shi a hoto kada hankalinka ya tashi, kada kuma ka bari a fara yi maka maganar fiɗa.

Yanzu ga aikin. Na farko, wanda in ba za ka iya komai ba ka yi shi: kada ƙafarka ta taɓa ƙasa da asuba sai ka ja yatsu. Zauna a bakin gado, ko a kan tabarma in a ƙasa kake kwana. Ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗaya. Da hannun ɓangaren ƙafar ka kama gindin yatsun duka, har da babban, ka ja su baya wajen ƙwabri. Ɗaya hannun ka shafa tafin, za ka ji tsirkiyar ta miƙe kamar igiyar shanya. In ba ka ji ta ba, ba ka ja sosai ba ko kuma kan yatsun kawai ka kama. Riƙe ka ƙirga goma a hankali, ka saki, ka sake, har sau goma. Duka bai kai minti uku ba. Za ka ji ja, amma bai kamata ka ji suka ba. Ana so a yi haka sau uku a wuni, da kuma duk lokacin da ka daɗe zaune kafin ka miƙe. Ni na ɗaure shi da abin da ba na mantawa: kafin asuba, bayan azahar, bayan isha. A aji kuma kafin in tashi daga tebur nakan zare takalmi a ɓoye in ja sau biyu ko uku, har wani yaro ya taɓa tambayata ko ƙaya nake cirewa.

Wannan ja ba ƙirƙirar lokotorona ba ce. A shekarar 2003 likitocin ƙashi a Amurka sun gwada shi a kan mutanen da suka haura wata goma da ciwon: wasu aka sa su jan yatsu, wasu miƙa agara kaɗai. Bayan sati takwas masu jan yatsu sun fi samun sauƙin ciwon takun farko. Ni a sati na biyu na ga bambanci. Ƙusar ba ta tafi ba, amma ta koma kamar tsakuwa. Wani abin da na lura da shi, yadda muke kafa yatsu a sujada kusan wannan miƙewar ce, shi ya sa farkon ciwon nake jin tafin na ja in na yi sujada.

Na biyu, takalmi, kuma a nan na fi yin gardama kafin in sallama. Mu mutanen tsakar gida ne, ƙafa ba takalmi daga ɗaki zuwa bayi zuwa zaure. Wata uku na farko ka haƙura da wannan. Ajiye takalmi mai taushi a bakin gado, ka gama jan yatsu ka zura ƙafa ciki kafin ka miƙe. Silifan roba da ya suɗe har diddige ya yi masa rami ba takalmi ba ne, ka bar wa masu gwangwan. Na fita kuwa, na je layin ƴan gwanjo a babbar kasuwa na zaɓi kambas irin na masu gudu. Ga yadda ake gwada shi, kada ka ji kunyar mai kaya: kama shi da hannu biyu ka lanƙwasa. In ya karye a tsakiya ko ya naɗe kamar tabarma, ajiye. Wanda ake so a wajen yatsu kawai yake lanƙwasawa. Murɗa shi kamar kana matse wanki, ya kamata ya yi maka gardama. Matsa bayansa inda ke rungume diddige, ya zama da tauri. Sannan diddigen ya ɗara gaban tudu kaɗan, kamar kaurin yatsa ɗaya zuwa biyu, don wannan ɗan tudun yana rage jan da agara ke yi. Juya ƙasansa kuma ka duba, na gwanjo da yawa sun cinye ta gefe ɗaya, irin wannan karkatar da ƙafa zai yi. Ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada ƙafa biyu.

Babbar riga da kambas ba su dace ba, na sani, an kuma yi mini ba'a a wajen ɗaurin aure. Mafitar da na samu ita ce baduku. Na kai masa takalmina na fata na ce, “Baba, so nake ka ƙara mini soso mai tauri a ƙasa, diddigen ya fi gaba kauri, ka sa ɗan tudu a nan wajen kwarin tafi.” Ya juya shi ya ce ai ba ni ne na farko ba, ƴan kasuwa masu wunin tsaye sun saba kawo masa. A farmasi kuma ana samun wata ƴar katifar roba mai laushi da ake sawa ƙarƙashin diddige cikin takalmi sau-ciki. Sa a ƙafa biyu ko da ɗaya ce ke ciwo, in ba haka ba ka koma tafiya a karkace, ƙugu ya ɗauka. Ba sai ka nemi wadda aka auna ƙafarka aka ƙera ba. Ga yawancin mutane ta kanti ta wadatar.

Sai sharaɓa. Naman sharaɓa ya gangaro ya zama agara, agara ta kama ƙashin diddige ta baya, tsirkiya ta kama shi ta ƙasa. In sharaɓa ta ɗaure, diddige na tsakanin masu ja biyu. Fuskanci bango ka dafa shi da hannu biyu, ka mayar da ƙafar mai ciwo baya, yatsu na kallon bango sak, gwiwa a miƙe, diddige manne da ƙasa. Tura ƙugu gaba har ka ji bayan ƙafa ya ja, ka riƙe sakan 30, sau uku. Sake yi da gwiwar a ɗan lanƙwashe, za ka ji jan ya sauko kusa da agara. Kuskuren da na yi sati guda ina yi shi ne barin yatsu su karkata waje. In suka karkata, aikin banza ne.

Ƙanƙara tana kwantar da zugin yamma, ba ta warkarwa. Cika gorar roba da ruwa ka sa a firji ta daskare, in babu firji ko babu wuta ka sayi ƙanƙarar leda ka naɗe da ƙyalle. Zauna a kujera ka mirgina tafin a kan gorar minti 10 zuwa 15. Kada ka wuce 20, kada kuma mai ciwon sukari da ƙafarsa ba ta ji sosai ya yi wannan. Maiɗakina ta fi yarda da ruwan ɗumi da man kaɗanya, takan ce, “Malam, kawo ƙafar nan,” ta murza tafin da sharaɓar. Ban hana ba, yana da daɗi kuma ba ya ɓarna.

Abin da ya fitar da ni daga ciwon ɗungurungum, a ganina, shi ne wanda na fara a makare, a wata na huɗu, bayan wani kine, wato ma'aikacin asibiti mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ya nuna mini. Miƙa jijiya na sassauta ta, amma ba ya ƙara mata ƙarfi, ita kuwa ƙarfin ɗaukar kaya ta rasa. Nemi dakali ko matakala, ni bulo biyu na jera a gindin bangon zaure. Naɗe ƙaramin tawul ya yi kamar kaurin tsintsiyar hannu, ka ɗora a kai. Hau ka sa yatsun a kan tawul ɗin yadda za su ɗago sama, gaban tafin na kan bulo, diddige na lilo a iska. Dafa bango. Ɗaga diddige a hankali kana ƙirga uku, tsaya a sama ƙirga biyu, sauko kana ƙirga uku har diddige ya ɗan wuce bakin bulon. Sau 12, ka huta, har zagaye uku. Kwana ɗaya ka yi, kwana ɗaya ka bari, domin a ranar hutun ne jijiya ke ginuwa. Asalin tsarin da ƙafa ɗaya ake yi, amma ni da biyu na fara, don ranar farko da na gwada da ɗaya ko biyar ban kai ba. Bayan sati biyu in ya yi sauƙi, sai ka goya jaka a baya da kaya a ciki, ka rage zuwa sau 10 zagaye huɗu, daga baya ka ƙara nauyi ka koma sau 8 zagaye biyar. Jakar ɗana na ara na cika ta da kayen dikte na yaran ajina, karo na farko da suka yi mini amfani tun kafin in gyara su.

A ƙasar Danmak aka gwada wannan a kan mutum 48, sakamakon ya fito a 2014: a wata uku masu ɗaga diddige sun riga masu miƙa jijiya kaɗai samun sauƙi, ko da yake da aka kai shekara duka sun yi daidai. Wato hanya ce ta gajarta wahala. Zai ɗan yi ciwo kana yi, wannan ba laifi. Ma'aunin da kine ya ba ni shi ne asubar gobe: in ƙusar ta fi ta jiya tsini, ka yi yawa, rage nauyi ko yawan zagaye. In daidai take ko ta ragu, ci gaba.

Hutu kuma fa? Kowa zai ce maka ka huta, kamar albashi ko cinikin yau zai zo ya same ka a gado. Kwanciya gaba ɗaya ma ba ta da amfani, rage kayan ake yi. Na ci bashi na gyara babur. Na sa aka kawo doguwar kujera gaban aji, ina yin karatu da dikte a zaune, in tashi sai rubutu a allo. Inda nake yawan tsayawa na shimfiɗa tsohuwar darduma ninki biyu. Mai shayi na ce masa ya sa kwali mai kauri ko guntun katifa a inda yake tsayawa, yayar maiɗakina kuwa dama a zaune take suya, matsalarta talla ce da ɗaukar ruwa da silifa suɗaɗɗe. Ƙwallon da nake bugawa da matasa ranar Lahadi na ajiye wata shida. Rairayin titunanmu yana da yaudara: taushi gare shi, amma ƙafa na nutsewa, yatsu na kafewa, tsirkiya na aiki ninki biyu, saboda haka doguwar tafiya a cikinsa ba hutu ba ce. Da azumi ya zo, tsayuwar tarawihi ta so ta mayar da ni baya, sai na riƙa yin wasu raka'o'in a zaune. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba wanda bai iya tsayuwa ba wannan sauƙi. Na kuma rage kilo shida, yawanci ta hanyar raba kaina da shayi mai sukari uku da tuwon dare na biyu. Ba na cewa da sauƙi.

Maganin sha yana da wurinsa, amma ƙarami ne. Parasetamol, ko ibuprofen bayan an ci abinci, na ƴan kwanaki lokacin da ciwon ya yi tsanani, kada a wuce kwana goma ba tare da likita ya sani ba. Ibuprofen da diclofenac da danginsu suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda, musamman a zafin Afrilu da Mayu da jiki ke bushewa, ko a cikin azumi. Mai gyambon ciki, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mace mai ciki kada su taɓa su sai da izinin likita. Sunan da likitoci suka ba ciwon na nuna kumburi, amma da aka duba jijiyar waɗanda suka daɗe da shi an tarar lalacewa ta fi kumburin yawa, shi ya sa maganin kumburi ke rufe bakin ciwon kawai. Tramol kuwa ko da wasa. Na ga abin da ya yi wa samarin da na koyar da hannuna.

Allura a diddige ita ce abin da kowa ke nema, ni ma na roƙa a wata na uku. Lokotoro ya ce allurar kortizon takan ba da sauƙi na kamar wata guda, daga nan sau da yawa ciwon ya dawo. In aka yawaita ta kuma tana iya narkar da kitsen da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin diddige, wanda ba ya dawowa, ko ta sa tsirkiyar ta tsinke. Ya ce, “Kada garin neman gira a rasa ido. Je ka yi wata uku kana abin da na ce, in bai yi ba mu sake magana.” Ban koma don ita ba. Ban ce haramun ce ba. Wanda ciwo ya hana shi neman abinci, likita na iya ganin ta dace sau ɗaya. Amma likita, a asibiti, ba mai allurar unguwa ba.

Akwai wasu dabaru biyu da na gwada sama-sama. Ɗaure tafin da filasta mai faɗi, daga gindin yatsu a zagayo diddige sannan a gicciya, yana taimakawa na kwana biyu ko uku. Na yi shi ranar da muka yi tsaron jarrabawa, sai dai gumi na saurin ɓamɓare shi. Sai takalmin barci, wani abu da ke riƙe ƙafa a miƙe kada ta duƙa cikin dare. Yana yi wa wasu aiki, musamman waɗanda suka haura wata shida, ni dai kwana huɗu na jure na cire saboda zafi. A manyan asibitoci akwai na'urar da ke bugun wurin da igiyar sauti, fiɗa kuwa sai wanda ya shekara yana duk abin da ya kamata bai samu sauƙi ba, kuma kaɗan ne ke kaiwa nan.

Ba kowane ciwon diddige ne wannan ba, kuma a nan ba na wasa. In ƙafar ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi, ko akwai zazzaɓi, tafi asibiti yau. In kana da ciwon sukari kuma ka ga rauni ko ƙafar na mutuwa, kada ka tsaya jan yatsu, tafi. In ciwon ba ya lafawa ko kana kwance, yana tashe ka cikin dare, ko in an matse ƙashin diddige ta gefe da gefe ka yi ƙara, yana iya zama tsagewar ƙashi. In kana jin tsiyaya kamar tafiyar kiyashi ko wutar lantarki zuwa yatsu, jijiyar ji ce aka danne. In ka ji wani abu ya yi ɗas farat ɗaya, tafin ya yi baƙi, ka kasa takawa, tsirkiyar ce ta tsinke. Saurayi mai ciwon diddige biyu tare da ƙagewar baya da safe, a duba shi don ciwon gaɓoɓi. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai yawan ƙwallo da ke kukan bayan diddige, nasa daban ne, na girman ƙashi ne. Faso na lokacin hunturu kuwa ciwon fata ne, ido na ganinsa, mai da safa yake so.

Saura maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ɗaci. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin goma zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa, kuma takwas zuwa tara cikin goma na masu shi suna warkewa cikin shekara guda ba tare da fiɗa ba. Shekara fa, ba sati ba. Kuma sauƙin ba a miƙe yake zuwa ba. Na yi sati biyu lafiya lau a watan Fabrairu, na ɗauka an gama, na bi gawa da ƙafa har maƙabarta da takalmin fata, na dawo gidan jiya na kwana goma. Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne wata dabara ta malaman makaranta: kowace asuba ina ba takun farko maki daga sifili zuwa goma, in rubuta a bayan kalandar ɗaki. Rana da rana ba a ganin komai. Amma Nuwamba cike take da takwas da tara, Maris huɗu da biyar, Yuni ɗaya da biyu. Wata safiya a cikin Yuli ina tsakiyar alwala na tuna ban rubuta maki ba, don ban ji abin da zan rubuta ba.

Bulo biyun na nan a zaure, ina hawa sau biyu a sati. Takalmin fata na asali sai Juma'a da sallah, shi ma wanda baduku ya yi wa ciko. Mai shayi yana sati na shida da jan yatsu, jiya ya ce mini makinsa ya sauko daga takwas zuwa biyar, amma har yanzu ya ƙi rabuwa da silifansa.